Zoɓon da Aka Ba Huɗu Cikin Goma

Mun tashi daga Birnin Kebbi ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a tsohuwar motar yayana: shi a sitiyari, ni a gefensa, sai maƙwabciyata a baya, wata malamar asibiti 'yar Zuru, ta dafe kula da hannu don kada ta kife a ramukan hanya. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san sana'ata, amma saboda sababbi bari in faɗa. Zoɓo nake dafawa, in ɗura a gora, in kai kantuna. Da shi nake ci, da shi yarana suke zuwa makaranta.

Dalilin tafiyar kuwa wani saurayi ne da ban taɓa gani ido da ido ba. Aikinsa ya sayi abinci ko abin sha, ya ɗanɗana a gaban kyamara, ya ba da maki. Kwanakin baya ya jera gorunan masu sana'a irin tawa a kan tebur. Sai ya zuba kaɗan a kofin gilashi, ya jujjuya, ya ɗaga ga haske, ya kai hanci, sannan ya kurɓa, wai haka masu ɗanɗana giyar inabi suke yi a ƙasashen Turawa. Da ya zo kan nawa ya yamutsa fuska. Ya ce kala ta yi, tsami ya yi yawa, kuma a ƙarshensa akwai wani abu kamar an ɗauraye tukunyar miya da shi. Ya ba ni huɗu cikin goma. Wata da take zabga sukari da filebo kamar a rijiya take ɗiba, ya ba ta tara.

Da a waya abin ya tsaya da sauƙi. Amma Alhajin da ya fi kowa ɗaukar kayana, mai babban kanti, 'ya'yansa sun nuna masa bidiyon. Ya kira ni cikin mutunci ya ce shi ba ya shan zoɓo, don haka ba zai ce komai a kan ɗanɗano ba, sai dai gorunana sun fara kwana a firij. In kawo masa sabo ranar Litinin. In ya tafi, to. In bai tafi ba zai ba mai tara wurin. Rabin cinikina daga wannan firij yake fitowa.

Ni dai na riga na gama shari'ar yaron a zuciyata. Mai dafawa ya san abin da mai ba da maki bai sani ba. Kurɓi ɗaya ba shi ne sha ba. Abin da ya fi zaƙi shi ke cin kurɓin farko, amma a rana tsaka, bayan an ci shinkafa da wake, ba shi mutum yake iya shanyewa har ƙasan gora ba. Kuma duk wanda ya kurɓi mai zaƙi sannan ya kurɓi mai tsami, dole na biyun ya zama kamar horo a bakinsa, nawa kuwa daidai bayan mai tara ya faɗo a jerin. Don haka na cika kula da gorunana da na abokiyar hamayyar, na cire musu takarda, na ce zan kai wa mutanen da ba su san bidiyo ba su ɗanɗana, in ɗauka a waya in mayar wa yaron martani. Tun da lokacin ciran sabon zoɓo ne, na haɗa da zuwa ganin na bana a wajen kawuna na Sabiyal, wanda shi ke noma mini tun da na fara. Na kuma ƙunso ɗan busasshen da nake aiki da shi a gida, da jarkar ruwanmu.

Hanyar Kalgo ba ta da laifi sosai, sai dai wuraren da kwalta ta gaji ta koma gefe. Hagu da dama an gama yankan shinkafa, ana bugu, mata na sheƙa a bakin titi, buntu na tashi yana shiga mana ta taga. Mun tsaya a shingayen jami'an tsaro fiye da yadda muka tsaya don kanmu. A ɗaya daga ciki wani ya leƙa ya ga kula ya tambayi abin da ke ciki. Yayana ya ba shi gora ɗaya tawa, ya kafa kai ya shanye, ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Na ce wa maƙwabciyata ta lura, ga sheda ta farko. Ta ce mutumin da ya tsaya a titi tun dare ko ruwan randa ka ba shi zai sa maka albarka.

Ita ba ta shan zoɓo, ta ce jininta yana sauka in ta sha, shi ya sa na ɗauko ta: ba ta da ɓangare, ita za ta riƙa zubawa. Yayana kuwa ba a sa shi a lissafi, domin a wajensa duk abin da ke da sanyi yana da daɗi.

Hantsi bai yi ba muka shiga Jega. Garin ya riga mu tashi. Manyan motoci sun yi layi a mararraba, masu zuwa Sakkwato da masu gangarawa Yawuri, 'yan kamasho na kiran fasinja kamar suna faɗa da su. Muka karya da waina da miyar taushe a wajen wata mata kusa da tasha. Wainar ta ragu a girma tun zuwana na baya, kuɗinta kuma ya ƙaru, na yi mata ƙorafi ta ce in je in yi wa mai shinkafa. A cikin kasuwa ga busasshen kifi tuli-tuli, ga tattasai, ga mahauta suna ta sara. Na bi layin masu awo na sayi zoɓo kala biyu, ɗaya mai duhu har yana baƙi-baƙi, mai shi ta ce daga Fagada aka kawo, ɗaya ja mai haske daga wajen Birnin Malam. A nan ba wanda yake cewa zoɓo, soɓo ake cewa, ni ma da na kwana biyu a kasuwa bakina ke komawa can.

Gwajin farko a rumfar wani abokin yayana muka yi, mai sayar da hatsi. Aka taru mana: shi, da wani mahauci, da direbobi, da wani dattijo mai sayar da igiya. Kafin in buɗe baki yayana ya riga ya ɓata aikin. Ya ce wannan ƙanwarsa ce, ita ke yin soɓo a Birnin Kebbi, ta zo a ɗanɗana mata. Maƙwabciyata ta zuba kofi biyu-biyu ta miƙa. Kowa ya yi bisimilla, ya sha na dama, ya sha na hagu, ya ce madalla.

Na tambayi mahaucin, "Malam, wane ya hi?"

Ya dubi kofunan, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, dut sun hi."

Na matsa wa dattijon. Ya ce shi tun da yake bai taɓa kushe abin da aka miƙo masa da hannu biyu ba, ba kuma yau zai fara ba, balle ga mai shi tsaye. Sauran suka gyaɗa kai. Na kashe wayar, don ba abin da zan nuna wa duniya sai mutane masu ladabi suna sa albarka. Ban ji haushinsu ba, ni ma haka aka raine ni.

Muka haye gada muka nufi Maiyama. Gulbin ya ja baya, ya bar yashi da 'yan tafkuna, masunta na ta fama a ciki, masu lambu kuma sun fara jan ruwa da inji. Daga nan ƙasa ta fara yin ja, gonakin dawa sun tsaya da kawunansu a sunkuye, a gefen kowace gona kusan sai ka ga layin yakuwa ta yi jajir, ita ce iyaka tsakanin maƙwabta. Wani manomi da muka tarar yana shanya a kan tabarma ya sayar mini da ɗan kwano. Nasa ƙanana ne, masu kauri, in ka murza sai su bar maka ja a yatsa.

A tashar Maiyama na gargaɗi yayana ya zauna a mota. Maƙwabciyata ce ta yi magana, ta ce wani kamfani ne ya aiko mu, ni kuma na koma gefe kamar fasinja. Da jin kamfani sai bakin kowa ya buɗe. Yawancinsu mai zaƙin suka zaɓa, kamar yadda na zata, kuma ban damu ba, don ina da bayanina a hannu. Wani ɗan acaɓa ya ce nawa ya fi kashe ƙishirwa, na ji kamar in ba shi kular gaba ɗaya. Sai wata mai sayar da fura, tsohuwa siririya, ta kurɓi nawa, ta tsaya, ta sake kai hanci, ta tambayi maƙwabciyata, "Wanga gidan tuwo anka yi shi?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ce a raina ƙila hannunta ne ke warin daddawa. Muka ci shinkafa da miyar kifi a wata rumfa, miyar ta yi yaji har yayana ya shanye gora biyu, ɗaya tawa ɗaya ta mai tara, ya ce bai ji bambanci ba.

Da niyyar mu wuce Aliero a ranar, amma muka biya gaida goggonmu a Jega, ita kuwa ba a shiga gidanta a fita a yini guda. Muka kwana.

Da safe kafin a karya na ce a yi mini gwajin da na saba yi in zan sayi kaya, tun bakina bai taɓa komai ba. Ba sukari, ba citta, ba kanumfari, ba ɓawon abarba, zoɓo tsura da ruwan zafi. Ruwa ɗaya daga jarkarmu, awo ɗaya, jiƙo ɗaya. Akwai na Fagada, na Birnin Malam, na Maiyama, da wanda na ƙunso daga gida. Maƙwabciyata ta shiga ɗakin girki ta jiƙa, ta tace, ta fito da kofuna a faranti, ita kaɗai ta san wane ne wane. Goggo da matan gidan suka zauna kallo. Niyyata in nuna musu, in kuma nuna wa kaina, cewa ko ido rufe zan gane na kawu, kuma shi zai fi.

Kofin farko jikinsa da nauyi, tsaminsa kaɗan, yana barin ɗan bauri a harshe, irin wanda ke son citta da yawa. Na biyu ruwa-ruwa ne amma tsaminsa tsaf, yana wanke baki ya wuce. Na kurkure baki na ɗauki na uku. Kala ta yi kyau. Da na haɗiye sai wani abu ya taso mini ta bayan hanci, ba tsami ba, ba ruɓa ba, wani nauyi-nauyi mai kama da ɗakin girki bayan an gama abinci. Na sake kurɓa don in tabbata, na tofar. Na huɗu ya zo da ƙamshi kamar na busasshiyar magarya, na riƙe shi a baki na daɗe.

Na yi bayani dalla-dalla kamar mai wa'azi. Na ce na huɗu shi ne nawa. Na uku kuwa, na ture shi da bayan hannu, na ce ko kyauta aka ba ni ba zan kai shi tukunyata ba, wanda ya adana shi bai san darajar zoɓo ba. Goggo ta ce to in ba shi maki mana, irin na yaron waya. Na ce uku, kuma don ina jin kunyar mai shi ne.

Maƙwabciyata ta tattara kofunan a hankali. Ta ce na huɗu na Maiyama ne. Na uku shi ne wanda na ƙunso daga gida.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Goggo ta tashi ta ce bari ta duba koko. Na zauna ina kallon kofin. Yaron da na yi kwanaki ina zagi ya fi ni adalci da maki ɗaya. A gida ban taɓa jin wannan abu ba, don kullum da citta da kanumfari nake ɗanɗanawa, kuma kullum shi kaɗai, ban taɓa ajiye shi kusa da wani ba. Hancina ya saba da shi kamar yadda mai gida ba ya jin warin ɗakinsa. Abin da ban gane ba shi ne daga ina ya fito, tun da gona ɗaya ce, iri ɗaya, mutum ɗaya ke nomawa shekara da shekaru.

Ba mu yi hira sosai a hanyar Aliero ba. Titin ya fi na jiya kyau, motoci ɗauke da ɗalibai suna wuce mu. Tun kafin mu ga gidajen farko yayana ya sauke gilashi ya ce, kamar yadda kowa ke cewa, ga Aliero ta aiko gaisuwa. Iskar ta shigo, ta bi ta bayan hancina ta zauna daidai inda kofi na uku ya zauna. Na ce masa ya tsaya.

Wanda bai taɓa zuwa Aliero ba ba zai gane yawan albasar garin ba. Buhuna a tsaye kamar jama'a a filin idi, kowanne an ɗinke bakinsa, ana loda su a manyan motoci masu zuwa kudu. Masu dako na gudu da buhu a ka, dillalai na zaune a inuwa da waya biyu-biyu, a ƙasa ɓawo ja ya rufe ko'ina. Garin ya kuma yi suna da masu ɗori, mun ga ana sauke wani da karyayyar ƙafa daga mota da lambar wata jiha mai nisa. Na sayi ƙosai, shi ma rabinsa albasa ne. Na ci, amma hankalina ya riga ya tafi Sabiyal.

Hanyar ƙauyen ta ƙasa ce, motar yayana ta yi ta kuka har muka isa. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, manomin albasa tun yana saurayi, yakuwa kuwa saboda ni yake ƙara shuka ta. Ba ni da wurin ajiya a birni, don haka shi ke busarwa ya adana, duk wata ya sa mini buhu a mota. Da ya gan mu ya rasa inda zai sa mu. Ba mu gama gaisawa ba ya ce in taso in ga abin da ya gina.

Sito ne na bulo da kwano, da tagogin raga, da ƙofar ƙarfe da kwado. Ya gina shi bara bayan ɓarayi sun kwashe masa albasa a rumbun kara. Ya buɗe yana murmushi. Ragowar albasar da yake jira ta yi tsada na shimfiɗe a kan katako, a can sama kuma, a wuri mafi kyau, inda ruwa ba ya kaiwa, ga buhunan zoɓona a jere. Buhunan ma na albasa ne da aka juye.

Ya ce, "Ɗiyata, kin gani? Da can ɗakin Innarki su ke, ga ɗigo ga ɓera. Na ce kayanki ba su ƙara kwana nan. Inda dukiyata take, nan taki za ta zamna."

Na ce, "Madalla, Kawu. Allah shi saka da alheri."

Da bakina na faɗa, ni da jiya na kashe waya saboda mutane ba sa faɗin gaskiya.

Muka shiga cikin gida, Inna matar kawu ta kawo mana zoɓo a kwanon sha. Kurɓin farko na gane shi. Shi ne zoɓon da na fara sana'a da shi, mai tsami tsaf da ƙamshin da ke dawowa bayan an haɗiye. Na bi ta ɗakin girki na tambaye ta na wace gona ne. Ta ce gonar dai tawa ce, ɗan abin da take ɗiba na gida ne take zubawa a tulu ta rufe a ɗakinta. Na tambaye ta, a kaikaice, ko ta taɓa dafa na sito.

Ta gyara wuta. Ta ce, "Sau guda, da bazara. Na zubar."

Na ce, "Inna, kin ji, ba ki hwaɗa min ba?"

Ta ce, "Ke ta mai sana'a. Munka ce in da aibi, ke za ki fara hwaɗi. Da munka ji shiru, na ce ko mutanen birni haka su ka son shi. Shi kuma kin ga yadda yake ji da ɗakin nan, wa zai taɓa mai shi?"

Wato wata da watanni ita tana jira in faɗa, ni ban ji ba, masu saye da suka ji suka daina saye ba tare da sun ce uffan ba. A cikin duk mutanen da wannan zoɓo ya bi ta bakinsu, mutum biyu ne suka yi magana: yaron da bai san ni ba, da tsohuwar da ta ɗauka na kamfani ne.

Bayan azahar muka je gona ana cira. Na tsaya kusa da kawu ina ta juya maganar. Na fara da dabara, na ce bana ina so in kwashe kayan duka in ajiye a birni. Ya tsaya da aikin ya dube ni.

"Mi ya samu sito?"

Da ina da wata hanya da na bi ta. Amma Litinin na tafe, kuma in na yi shiru na bana ma can zai kwana. Na ce, "Kawu, sito ba shi da laihi. Albasa ta, ta hi ƙarhin soɓo. Yana shan warinta, har cikin gora ana ji."

Muka koma gida, ya buɗe siton, ya zura hannu a buhu ya ɗebo, ya kai hanci ya daɗe. Ya ce shi bai ji komai ba. Gaskiya ya faɗa, mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin albasa ba zai ji ta ba. Maƙwabciyata ta jiƙa masa biyu, na tulu da na sito, ya sha wannan ya sha wancan.

Ya ce, "Ni dut ɗaya na ji. Amma in kin ce."

Ya shiga ya fara fito da buhunan da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya tashi zai kama masa, ya ce a bari. Ya jingine su a bayan gida inda ake tara abincin awaki. Na ji ba daɗi ƙwarai, don na san ba buhu kaɗai yake fitarwa ba. Da za mu tafi Inna ta juye mini duk abin da ke tulunta a sabon zane ta ƙulle. Kawu, wanda ya saba raka mu har bakin hanya yana tafe yana riƙe da ƙofar mota, a ƙofar gida ya tsaya ya ɗaga hannu.

Mun iso Birnin Kebbi ana kiran magariba. Washegari na zubar da abin da ya rage a gida, na wanke tukwane da robobi da toka, na shanya su a rana. Na dafa na tulun Inna yadda na saba, ban ƙara sukari ko cokali ɗaya ba, don a kan tsami har yanzu ina nan a kan bakana, yaron bai san zoɓo ba ta wannan fuska. Ranar Litinin na kai wa Alhaji. Bai ba ni firij ɗin duka ba, ya raba mana ni da mai tara, ya ce kasuwa ta yi alƙalanci. Gorunana sun daina kwana, amma waɗanda suka gudu ba duka suka dawo ba. Bidiyon martani kuwa ban yi ba. Na aika wa yaron gora biyu ba tare da takarda ba, har yau bai ce komai ba, kuma ba na jira.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne. Maki ba ya gaya maka yadda za ka gyara kayanka, kuma mai ba da shi yana iya kuskure a rabi ya dace a rabi, aikinka ne ka gano wane rabin. Yanzu duk buhun da ya shigo sai na jiƙa shi tsura na ajiye kusa da na wani, a zuba mini ban gani ba. Na kuma daina ɗaukar madallar masoyana a matsayin labarin ɗanɗano. Gaisuwa ce, kuma ina son ta a hakan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kawu, don tun da muka dawo in na kira sai Inna ta ɗauka ta ce yana gona. Shekaranjiya direban Aliero da ya saba kawo mini saƙon kawu ya tsaya a ƙofar gidana da zoɓon bana. Sababbin buhuna ne fil, an ɗaure su a saman mota. Da ya gama saukewa ya ce in dakata, akwai saƙo. Ya zagaya ya buɗe gaban mota, ya fito da ƙullin albasa daga ƙarƙashin kujerarsa, an naɗe shi a leda har ninki uku. Ya ce tsohon nan sai da ya sa shi ya yi alkawari ba zai bari ta haɗu da zoɓon a hanya ba, kuma ya ce a gaya mini in nemi inda zan ajiye ta nesa.